Abubuwan da Ke Kwantar da Manyan Motoci a Hanyoyin Roni da Kazaure

Babbar mota, ko tirela ce ko tanka ko tifa ko daf mai ɗaukar buhuna, ita ce ke ɗauke da mafi yawan kayan da ke shiga ƙasar Roni da waɗanda ke fita. Ita ke kwasar gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi daga kasuwannin ƙauye zuwa Dawanau a Kano. Ita ke kawo takin zamani da siminti da man fetur, ita ke kai shanu da tumaki Kudu. Babbar hanyar da ta taso daga Kano ta bi ta Dambatta da Kazaure ta wuce Daura har iyakar Kongolam, da wadda ta nufi Babura ta wajen iyakar Nijar, da ƙananan hanyoyin da suka haɗa Roni da Gwiwa da 'Yankwashi da Kazaure, duk ba sa rabuwa da waɗannan motoci dare da rana. Ba sa kuma rabuwa da waɗanda suka kwanta a gefen titi, an datse tayoyinsu da duwatsu, an jera ganye a kan kwalta, direba da yaron mota suna zaune a inuwar bodi suna jiran bakanike daga Kano.

Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza, kuma haka lalacewar babbar mota take. Da wuya ta auku rana tsaka ba tare da ta yi gargaɗi ba. Mafi yawan abin da ke kwantar da mota a daji yana farawa ne tun daga wurin lodi, ko gareji, ko gidan mai, ko kuma ranar da mai mota ya ce a ɗage gyara sai an dawo daga wannan tafiya.

Dalili na farko, wanda kusan duk sauran suke rataye a wuyansa, shi ne lodin da ya wuce ƙima, abin da 'yan tasha ke kira obalodi. Kowace mota akwai nauyin da maƙeranta suka yanke mata, kuma a kan wannan nauyi aka auna ƙarfin injinta da birkinta da sifirin da tayoyinta. Lissafin a fili yake. Buhun siminti kilo 50 ne, saboda haka buhu 600 tan 30 ke nan. Buhun hatsi kuwa yakan kai kilo 100, don haka buhu 300 ma tan 30 ne. Idan aka yi wa motar da aka ƙera domin tan 30 ƙarin buhu 100 na dawa, an ɗora mata tan 10 da ba ta da ƙarfin ɗauka. Ga fasinjojin da ke hawa saman kaya ran kasuwa, ga awaki da babura da ake ɗaurewa a baya. Mai kaya yana murna ya rage kuɗin mota, ɗan kamasho yana murna la'ada ta ƙaru, motar kuwa ita ke biya da jikinta: sifirin ya miƙe ya karye, boris ya ƙone, shasi ya tsage, kulochi ya cinye a hawa, birki ya kasa riƙewa a gangara. Ko da nauyin bai wuce ƙima ba, idan aka tara shi a gefe guda ko a can ƙarshen bodi, tayoyin wannan ɓangaren ne za su ɗauki wahalar duka, kuma motar za ta riƙa rinjaya a kwana.

Hanya ma tana biyan nata kason. Ƙa'idar ƙasashen ECOWAS ta kayyade tan 11 da rabi a kan aksul guda, wato sandar ƙarfen da ke haɗa tayoyin dama da na hagu. Wani gwaji da injiniyoyi suka yi a jihar Ilinoi ta Amurka tsakanin 1958 da 1960 ya nuna cewa idan aka ninka nauyin da ke kan aksul sau 2, ɓarnar da yake yi wa kwalta tana ninkuwa kusan sau 16. Ke nan motar da aka danƙara wa kaya yau tana haƙa ramin da zai karya mata sifirin gobe.

Na biyu shi ne taya, kuma tana sahun gaba cikin abubuwan da ke tsayar da babbar mota a hanya. Babban maƙiyin taya zafi ne, kuma ba abin da ke haifar da zafi kamar ƙarancin iska. Tayar da iskarta ta ragu tana lanƙwashewa a gefe duk lokacin da ta juya. Wannan lanƙwasa ke dumama ta daga ciki, har wayoyin ƙarfen da ke riƙe da ita su rabu da roba, ta fashe. A watannin Maris da Afrilu da Mayu, lokacin da zafin rana ke haura digiri 40 a arewacin Jigawa, kwalta kuma ta fi haka zafi, tayar da ke ɗauke da obalodi da ƙarancin iska ba ta da sauran kwana. Al'adar buga taya da ƙarfe a saurari ƙararta tana nuna wadda ta sace gaba ɗaya, amma ba ta nuna wadda ta ɗan ragu. Wannan sai da ma'aunin iska, kuma da safe ake auna ta kafin mota ta motsa. Rage wa taya iska tana da zafi kuskure ne, domin da ta huce za ta koma ƙasa da ƙima.

Tayoyin baya da ke tafiya bibbiyu suna da nasu sharaɗi. Idan aka haɗa sabuwa da tsohuwa, wadda ta fi tudu ita ke ɗaukar mafi yawan nauyin. Idan dutse ya maƙale a tsakaninsu, zai yi ta cin gefensu har ya huda su. Sai kuma maganar shekaru. A gefen kowace taya akwai lambobi 4 da ke nuna lokacin da aka ƙera ta: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan aka ga 2319, an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, wadda aka kafa a 1988, tana gargaɗi a kan amfani da tayar da ta wuce shekara 4 daga ranar ƙira. Yawancin tayoyin 'yan kwatano sun cinye wannan wa'adi tun kafin su sauka daga jirgin ruwa. Akwai ma waɗanda suka suɗe aka sake yanka musu zane domin su yi kama da masu rai. Irin wannan taya idan ta fashe a baya ta jawo asara, idan ta fashe a gaba sitiyari ya ƙwace, sai abin da Allah ya yi. Haka nan bayan mai faci ya canza taya, ya kamata a tsaya bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 a sake ɗaure notuna, domin sukan saki bayan ƙarfe ya zauna. Layin tsatsa da ke fitowa daga gindin noti alama ce ta cewa yana wasa.

Na uku shi ne birki. Birkin babbar mota da iska yake aiki. Kwamfaresa ke tara iska a tankunan da ke ƙarƙashin shasi, daga nan tiyo ya kai ta kowace ƙafa. Iska tana ɗauke da danshi, danshin kuma yana zama ruwa a gindin tanki. Saboda haka direban da ya san aikinsa yakan sa yaron mota ya durƙusa kowace safiya ya ja ɗan zoben da ke ƙasan tankin. Iska za ta feso da ƙarfi, ruwa ya biyo ta, a bar shi ya tsiyaye har ya ƙare. Idan ruwan ya fito gauraye da baƙin mai, kwamfaresa ta fara gajiya. Idan aka kashe inji aka ji huci yana fita daga ƙarƙashin mota, akwai tiyon da ke yoyo. Waɗannan alamu biyu ba a tafiya da su. An ƙera birkin ne ta yadda idan iska ta yi ƙasa sosai, wani ƙaƙƙarfan sifirin zai danne shi ya kulle tayoyi. Wannan ne ya sa akan ga tirela ta ƙame a tsakiyar titi, ba gaba ba baya. Wasu sukan toshe tiyon ƙafar da ke yoyo su ci gaba da tafiya, alhali sun rage wa motar ƙarfin tsayawa a daidai lokacin da take ɗauke da kaya.

Yankin Kazaure da Roni ƙasa ce mai duwatsu, mai hawa da gangara, saɓanin shimfiɗaɗɗen yashin gabashin Jigawa. A gangara ake gane direba. Wanda ya dogara da taka birki kaɗai, takalmin birkin zai yi zafi har ya daina kamawa, ƙafa tana ƙasa mota tana tafiya. Ƙa'ida ita ce a sauko da babbar giya tun kafin a fara gangarowa, inji ya riƙe motar, birki ya zama mataimaki. Mafi muni shi ne sakin mota a firi domin tsimin mai. A firi inji ba ya riƙe komai, kwamfaresa kuma tana juyawa a hankali, iska tana ƙarewa ba ta samun mai mayewa. Ɗan man da aka yi tsiminsa bai kai kuɗin taya guda ba, balle rai. Birkin da ya kama bai saki ba shi ma haɗari ne: yana dumama ƙafa har taya ta kama wuta, kuma idan tankar mai ce, gobarar ba a kan motar kaɗai za ta tsaya ba.

Na huɗu shi ne zafin inji. Ruwan da ke zagaya inji yana kwaso zafi ya kai lagireto, fanka ta hura masa iska ya huce ya koma. Duk abin da ya katse wannan zagaye zai tafasa inji: fanbel da ya tsinke, tiyon da ya tsage, famfon ruwa da ya gaji, ko murfin lagireto da ya daina riƙe matsi. A lokacin kaka, ƙaiƙayi da ƙura da ƙwari sukan toshe ƙananan ramukan lagireto daga waje. Daga ciki kuwa, ruwan rijiya ko na kududdufi da ake ɗurawa yana barin datti irin wanda ake gani a gindin butar shayi, ga tsatsa, har hanyoyin ruwa su ƙuntace. Shi ya sa maƙera ke cewa a yi amfani da ruwa mai tsabta haɗe da maganin sanyaya inji. Akwai kuma al'adar cire tamostat, wato ɗan bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwa, da hujjar cewa na ƙasar sanyi ne. Cire shi yana ɓoye ciwo ne kawai, ainihin abin da ke kawo zafin yana nan. Idan allurar zafi ta hau, a sauka gefe a bar inji ya huce da kansa. Buɗe murfin lagireto yana tafasa ya sha ƙona fuska da hannun yaran mota, kuma kwara ruwan sanyi a injin da ya yi jawur yana fasa kan inji. Farin hayaƙi mai yawa daga salansa, ko baƙin mai da ya koma kalar madara, alama ce ta gaskit ya ƙone, ruwa da mai sun haɗu.

Na biyar shi ne baƙin mai da matatun mota. Baƙin mai ke raba ƙarfe da ƙarfe a cikin inji. Idan ya tsufa, ko ya ragu, ko ya kasance na jabu, ƙarfe zai ci ƙarfe har inji ya buga, kuma injin da ya buga sai garambawul, aikin da kan ajiye mota makonni. Juyen mai yana da lokacinsa da maƙera suka rubuta, kuma motar da ke aiki cikin ƙura da zafi da nauyi tana bukatarsa da wuri fiye da wadda ke yawo a titunan Turai. Akwai tsohon man da ake tacewa a zuba a sabon galan a sayar da araha, launinsa da kyau amma ƙarfinsa ya mutu. Fitilar mai idan ta kama a gaban direba, maganarta ɗaya ce: a kashe inji nan take. Minti kaɗan na tafiya da ita ya isa ya hallaka inji.

Matatar iska ma haka take, musamman daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da hunturu ke turnuƙe sararin sama da ƙura, da kuma a hanyoyin burji na ƙauyukan Roni da Gwiwa. Matatar da ta toshe tana shaƙe inji, ƙarfi ya ragu, baƙin hayaƙi ya yawaita, shan mai ya ƙaru. Wadda ta yage kuma ta fi muni, domin ƙura za ta wuce kai tsaye ta riƙa goge zobba da silinda. Buga matata a jikin taya domin kakkaɓe ta yakan yaga takardar ciki ba tare da an gani ba. Sai kuma tabo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska. Yana juyawa da tsananin gudu da zafi, don haka bayan doguwar tafiya a bar inji ya yi salo na 'yan mintuna kafin a kashe, mai ya samu ya sanyaya shi.

Na shida shi ne man gas. Tsadarsa ta sa wasu direbobi sayen na 'yan bumburutu a jarka a gefen hanya, inda ba a san asalinsa ba. Wani an gauraya shi da kananzir, wani da ruwa, wani kuma datti ne a gindin duro. Man gas yana da santsin da ke shafe famfon mai da nozul yayin da yake ratsa su, kananzir ba shi da wannan santsi. Ruwa kuwa yana kawo tsatsa, ya lalata bakin nozul. Tsofaffin injuna sukan ɗan jure, amma na zamani suna feso mai da matsin da ya ninka na iskar taya fiye da sau 100, ta ramukan da ido ba ya iya gani sosai, saboda haka ƙwayar datti kaɗan ta ishe su. Alamun gurɓataccen mai sanannu ne: mota tana shaƙewa a hawa, tana fizga, tana wuyar tashi da safe. Barin tanki ya kusa ƙarewa ma yana jawo dattin gindi, kuma mota ta sha iska ta mutu, sai an yi ta famfo kafin ta tashi. Matatar mai da ɗan kofin da ke tare ruwa a ƙasanta suna da araha, famfon mai da nozul kuwa suna cikin kayan da suka fi tsada a jikin inji.

Na bakwai su ne kayan ƙarƙashi: kulochi da giya da farfela da boris da sifirin. Kulochi yana ƙonewa ne idan direba ya ɗora ƙafa a kansa yana tafiya, ko ya tashi mota mai kaya da giyar da ba ta dace ba, ko ya yi ta ba da wuta domin fita daga yashi ko taɓo. Ƙaurinsa ba ya ɓuya. Farfela tana da gaɓoɓin da ke bukatar giris, idan suka bushe sai a fara jin ƙara da karkarwa, daga baya ta tsinke ta faɗi, wani lokaci ta tsinka tiyon iska a kan hanyarta. Boris ɗin ƙafa yana faɗar ciwonsa da kuka da zafi. Direba mai lura, duk inda ya tsaya shan shayi, yakan zagaya motarsa ya kusantar da bayan hannu ga tsakiyar kowace ƙafa. Wadda ta fi 'yan'uwanta zafi akwai magana a cikinta. Boris ɗin da aka ƙyale yana iya narkewa, ƙafa ta fice gaba ɗaya mota tana gudu.

Na takwas shi ne lantarki. Yawancin manyan motoci suna aiki da bolt 24, wato batir 2 masu bolt 12 da aka haɗa. Zafi yana ƙafar da ruwan batir, girgizar hanya tana sassauta kawunansa, farin gari ya taru a kansu ya hana wuta wucewa. Haɗa sabon batir da tsoho yana kashe sabon da wuri. Idan na'urar caji ta daina aiki, mota za ta ci gaba da tafiya a kan abin da ya rage a batir, fitilu su dusashe, ta mutu a inda ba a so. Mafi haɗari shi ne gyaran waya na ganganci: a ɗaure waya da leda, ko a maye fis ɗin da ya ƙone da ƙullin waya. An sa fis ne domin ya ƙone a madadin mota, idan aka hana shi ƙonewa sai motar ta ƙone.

Bayan waɗannan akwai tsufan motocin da ingancin kayan gyara. Da yawa daga cikin DAF da MAN da Iveco da Mack da ke bin hanyoyin Arewa sun yi aikin shekaru a Turai ko Amurka kafin a kawo su. Ga kuma Howo ta ƙasar Sin da ta yawaita a 'yan shekarun nan. Tsohuwar mota tana iya aiki, amma tana son kulawa ninki biyu. A kasuwa irin ta Ƙofar Ruwa a Kano ana samun kayan gyara iri-iri, na asali da na hannu da na jabu, kuma farashinsu ya bambanta. Araha dai ba ta ado. Boris na jabu da aka saya da rabin kuɗi, idan ya narke tsakanin Kazaure da Daura, zai ci kuɗin bakanike da na motar da za ta kawo shi, da kwanakin jira, da fushin mai kaya. Sababbin motoci kuma suna da kwamfuta a jikinsu, ba a gano ciwonsu da kunne kaɗai sai da na'urar bincike. Kanikawan yankin suna da basira da juriya, abin da suke bukata shi ne ƙarin horo. Makaranta irin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu da ke Kazaure wuri ne da ya dace a riƙa shirya musu gajerun kwasa-kwasai da harshen Hausa.

Sai direba kansa. Hannun direba shi ke tsawaita ran mota ko ya gajarta shi. Dokar hanya ta Nijeriya ta kayyade wa tirela da tanka gudun kilomita 45 a awa cikin gari, 50 a babbar hanya, 60 a tagwayen hanyoyi, kuma tun watan Fabrairun 2017 FRSC ta fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar kayyade gudu. Gudu yana ƙara wa taya zafi, yana ninka ƙarfin dukan rami, yana cinye birki. Gajiya kuma tana rufe ido da kunne. Direban da ya kwana 2 bai runtsa ba, ba zai lura da allurar da ta hau ba, ba zai ji sabuwar ƙarar da ta fara ba. Ƙwayoyin da wasu ke sha domin korar barci suna korar hankali tare da shi. Sai dai adalci ne a faɗi cewa ba kullum laifin direba ba ne. Akwai mai motar da direba zai ce masa, ranka ya daɗe, tayar gaba ta gaji, ya amsa da cewa a lallaɓa a je a dawo. Akwai wanda ke ba da kuɗin hanya da bai isa mai ba, har direba ya koma tsimi da firi da man jarka. Irin wannan mai mota shi ya kwantar da motarsa tun ba ta bar gida ba.

Na ƙarshe a jerin shi ne hanya da yanayi. Da damina, musamman a watan Agusta, ruwa yana cika ramuka ya ɓoye zurfinsu, yana zaizaye gefen kwalta da bakin kwalbati, yana mai da burji taɓo. Tirelar da ta sauka gefe domin kauce wa wata sai ƙasa ta zame da ita. Ruwa mai zurfi yana shiga birki da boris ya wanke giris, idan kuma ya kai bakin matatar iska ya shiga inji, ƙarafunan ciki sukan lanƙwashe nan take. Cike ramuka a kan kari da auna nauyin motoci haƙƙi ne a kan hukuma. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021, an tsara ya bi ta Dambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, kuma kaya masu nauyi irin siminti da taki da hatsi su ne suka fi dacewa da jirgin ƙasa. Duk da haka jirgi ba ya shiga kasuwar ƙauye, babbar mota ce za ta ci gaba da kai kaya tasha da kwaso su.

Asarar da kwanciyar mota ke jawowa ba ta tsaya a kan mai ita ba. Shanun da suka wuni a tsaye cikin rana a bodi sukan galabaita, wasu su faɗi. Tumatir da barkono su ruɓe. Hatsi ya sha ruwan sama. Takin da manomi ke jira ya iso bayan lokacinsa ya wuce. Mafi ciwo shi ne rai. Babbar motar da ta mutu a kan kwalta da dare ba fitila, katanga ce a cikin duhu ga mai babur da direban ƙaramar mota. Saboda haka idan mota ta ba da alama, a yi ƙoƙarin sauke ta daga titi tun tana da sauran motsi. A sa weji a taya, a kunna fitilun gargaɗi, a ajiye alamar nan mai kusurwa 3 mai ƙyalli nesa da motar, gaba da baya, yadda mai tahowa zai samu damar rage gudu. Ganye ba ya ƙyalli da dare. A tabbata akwai tef mai ƙyalli a bayan bodi da gefensa. A kira FRSC ta lambar gaggawa 122, a nemi janwe idan gyaran zai ɗauki lokaci. Bayan an gama kuma a kwashe duwatsu da itatuwan da aka ajiye, domin dutsen da aka bari a kan titi ya sha kayar da wanda bai ji ba bai gani ba.

Kusan duk abubuwan da aka lissafa ana iya gano su cikin dubawar da ba ta wuce minti 20 ba kafin a tashi: iskar taya da notuna, baƙin mai, ruwan lagireto, fanbel, tsiyaye tankin iska, gwada birki, fitilu, kawunan batir, da leƙa ƙarƙashin mota ko akwai abin da ke ɗiga. Shugabannin ƙungiyoyin direbobi da masu motoci, wato NURTW da NARTO, a tashoshin Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura suna da ikon mai da wannan dubawa sharaɗin lodi, su kuma hana ɗora wa mota abin da ya fi ƙarfinta. Mai mota ya ware kuɗin gyara daga kowace tafiya, ya saurari direbansa. Mai kaya ya haƙura da buhun da ya wuce ƙima. Bakanike ya faɗi gaskiya a kan abin da ya ɗaura. Direba ya tuna cewa amanar dukiya da rayukan jama'a ce a hannunsa, kuma za a tambaye shi a kanta. Gyaran da aka yi a gareji da rana ya fi wanda za a yi a daji da dare sauƙi da araha, kuma rigakafi ya fi magani.